Daren da jami'o'in Amurka suka koyi sanar da juna

Yau tarihi za mu taɓa kaɗan.

Ranar Laraba 2 ga Nuwamba 1988, wani ɗalibin jami'ar Cornell a Amurka mai suna Robert Morris ya saki wata ƴar manhaja cikin intanet. Irin wadda ake kira tsutsa ce, mai kwafar kanta ta ƙetara daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba da sanin kowa ba. Lokacin intanet ba ta kowa ba ce, galibi jami'o'i ne da cibiyoyin bincike da na soja, kwamfuta wajen 60,000. An ƙiyasta ta kama kusan 6,000, ta riƙa hayayyafa cikinsu har suka kasa aiki.

To ga inda gizo ke saƙa. Da tsoro ya shiga, wurare da yawa sai suka tsinke layinsu, kowa ya kulle ƙofarsa. A ganina ba su yi wauta ba, ko ni ne haka zan yi. Amma kun ga, malamai da ɗalibai a Berkeley da MIT da Purdue sun hana idonsu barci suna warware tsutsar, sun kuma samo magani, kuma ta wannan layin da aka tsinke ne maganin zai iso. Har saƙon da abokin Morris ya aika daga Harvard, mai bayanin yadda za a tsayar da ita, ya maƙale a hanya. Sai wanda ya san wani ya buga masa tarho. Wanda bai san kowa ba ya yi ta fama shi kaɗai.

Cikin watan nan na Nuwamba aka kafa cibiyar CERT a jami'ar Carnegie Mellon, wurin da wanda aka kai wa hari zai kai rahoto, a gargaɗi saura. Daga baya jami'o'in suka samu tasu, REN-ISAC, a jami'ar Indiana, inda masu tsaron kwamfutocinsu ke gaya wa juna abin da ya same su, ko da abin kunya ne.

Shi kuwa Morris, a 1990 kotu ta ci shi tarar dala dubu 10 da ƴan kai, da aikin al'umma na awa 400, ba a ɗaure shi ba. Daga baya ya zama farfesa a MIT, jami'ar da ta kwamfutarta ya bi ya saki tsutsar.