Tarihin acaɓa daga sit ɗin mashin

1/ In ka bi ta Panteka a Tudun Wada, ɗan tsaya wajen masu ɗinkin kushin. Za ka ga an ciro sit ɗin mashin, wani ma sabo fil, an farke ledarsa ana yanka soso. Me zai sa mutum ya sayi sabon abu ya kai a farke? Ku biyo ni.

2/ A shekarun 1970 mashin na ma'aikaci ne. Malamin makaranta ko akawu, kan Vespa ko Honda, daga gida zuwa ofis, ya kafe shi a inuwa sai an tashi. Ba ya daɗewa a kai balle bayansa ya yi ciwo. Abin da ake yi wa sit a lokacin ado ne, kamar yadda ake shimfiɗa wa sirdi jalala ranar hawan sallah.

3/ A 1986 Babangida ya kawo SAP. Naira ta faɗi, motar haya ta yi wuya, masu mashin suka fara ɗaukar fasinja bayan an tashi aiki.

4/ Sai masaƙun Kakuri suka durƙushe. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Magidanta da yawa suka koma acaɓa, ga Jincheng na China da araha, daga baya Boxer ta zo daga Indiya.

5/ Nan labarin sit ya canza. Mutum ne zai hau tun asuba har isha'i, kan hanya duk ramuka, ga fasinja biyu, wani lokaci har da buhun masara. Soson kamfani ba ya jure wannan. Wata kaɗan ya kwanta, ka fara jin ƙasan sit a ƙugunka.

6/ Masu kushin suka koyi aikin da hannu. Sabon shiga cewa yake a cika masa soso mai laushi, kuma kuskure ne, shi ya fi saurin mutuwa. Gwani mai tauri yake sawa a ƙasa, siririn mai laushi a sama, ya faɗaɗa wurin zama, ya shimfiɗa farar leda kafin ya ja marfi, don kada ruwan damina ya kwana a ciki.

7/ Amma wallahi ba na goyon bayan ƙara tsawon sit har kan kariya. Ba don jin daɗin kowa ake yi ba, don fasinja na uku ne. Nauyi ya koma bayan tayar baya, gaba ya yi sakayau, a hawa sai ya ɗaga.

8/ Gwamna Ramalan Yero ya hana acaɓa a cikin gari a 2014. A 2021 El-Rufa'i ya hana hawa mashin gaba ɗaya na wani lokaci saboda tsaro. Masu kushin ba su tashi ba, sun ƙara da kujerun Keke Napep.