KISAN OLOF PALME: ABIN DA TASKAR 'YAN SANDA TA ADANA DA ABIN DA TA KASA FAƊA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama domin rubuta tarihi ya san kukan da muka saba yi, wato kukan rashin takardu. Mukan ce da an rubuta, da an adana, da gara ba ta ci ba, da yanzu mun san haƙiƙanin abin da ya faru. To, a wannan fitowa muna so mu kai mai karatu wata ƙasa inda aka rubuta kusan kome, aka kuma adana shi, amma duk da haka aka kasa samun amsar tambaya ɗaya tak. Ƙasar ita ce Suwidin da ke arewacin Turai, tambayar kuwa ita ce: wa ya harbe Firayim Minista Olof Palme?

A lokacin da aka rufe binciken wannan kisa a shekarar 2020, wato bayan shekara 34 da fara shi a 1986, 'yan sandan ƙasar sun bayyana abin da suka tara. Fayil-fayil ɗin sun cika kantocin da tsawonsu ya kai kimanin mita 250. An yi wa mutum fiye da 10,000 tambayoyi. An bi diddigin batutuwa fiye da 22,000, an gwada harbi da bindiga 788, kuma mutum 134 sun fito da bakinsu sun ce su ne suka yi kisan. Duk da wannan tulin, ba a ga bindigar ba, babu kuma wanda hukuncin kotu ya tabbata a kansa.

Daren Jumma'a

Olof Palme shugaban jam'iyyar Social Democrat ne, ya riƙe gwamnati daga 1969 zuwa 1976, sa'an nan ya sake dawowa a 1982. Mutum ne mai kaifin harshe wanda ya tara masoya da maƙiya a gida da waje. Ya soki Amurka a kan yaƙin Biyetnam, ya yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya aikin shiga tsakani a yaƙin Iran da Iraƙi, kuma gwamnatinsa ta tallafa wa ƙungiyar ANC. Mako guda kafin mutuwarsa ya yi jawabi mai zafi a kan mulkin wariyar launin fata a wani taro a birnin Sitokhom, Oliver Tambo yana wurin.

Ranar Jumma'a 28 ga Fabrairu 1986 ya sallami masu tsaron lafiyarsa, da dare kuma shi da matarsa Lisbet suka tafi kallon silima kamar sauran talakawa. Da aka tashi sai suka kama hanyar gida a ƙasa ta titin Sveavägen. Da ƙarfe 11 da minti 21 na dare wani mutum ya zo ta bayansu ya yi harbi sau biyu. Harsashi ɗaya ya sami Palme a baya, ɗayan ya shafi Lisbet. Maharbin ya ruga ta wani lungu mai suna Tunnelgatan, ya haye matakala 89, ya ɓace. Jim kaɗan bayan sha biyun dare likitoci suka tabbatar Palme ya mutu, yana da shekara 59.

Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma a nan ne aka fara yin asara. Filin da 'yan sanda suka killace ya yi ƙanƙanta ƙwarai, har masu makoki suka riƙa matsowa suna jefa furanni a inda ya kamata a nemi sawu. Sanarwar farautar maharbin ba ta kai ga sauran sassan ƙasar ba sai bayan ƙarfe biyu na dare. Harsasan nan biyu ma ba 'yan sanda ne suka gano su ba, masu wucewa ne suka tsince su a wajen filin da aka killace, ɗaya washegari, ɗayan kuma ranar Lahadi. Daga gare su ne aka gane cewa da babbar libarba samfurin Magnum .357 aka yi harbin.

Yana da kyau mu waiwayi wani kisa da aka yi a wannan birni tun da daɗewa domin mu gane girman wannan sakaci. A daren 16 ga Maris 1792 an harbi Sarki Gustav na Uku a wajen wata rawa da ake yi da fuska a rufe. Shugaban 'yan sandan lokacin, Liljensparre, ya sa aka rufe ƙofofi aka rubuta sunayen waɗanda ke ciki, aka kuma kai bindigogin da aka yar wurin maƙeran birnin. Wani maƙeri ya shaida aikinsa, ya faɗi wanda ya kawo masa gyara, da safe aka kama Anckarström. Ba waya, ba mota, ba na'ura, amma dare ɗaya ya isa, domin an riƙe wurin da abin ya faru tun da ɗuminsa.

Ambaliyar Rahotanni

Da abin da ke ƙasa ya kuɓuce, sai aka koma ga abin da ke bakin mutane. Shugaban 'yan sandan lardin Sitokhom, Hans Holmér, shi ya karɓi ragamar binciken. A farkon watan Maris ya fito da wani hoton fuska da ƙwararru daga Jamus suka harhaɗa bisa bayanin wata mata da ta ga wani mutum a wani lungu a daren. Babu wata hujja da ta nuna cewa mutumin da ta gani shi ne maharbin, amma da hoton ya fito a jaridu da talabijin sai wayoyin 'yan sanda suka ɗauki ruri. Dubban mutane suka ga fuskar maƙwabcinsu, ko ta abokin aikinsu, ko ta wani baƙo da suka haɗu da shi a jirgin ƙasa. Kowane rahoto sai an rubuta shi, an ba shi lamba, an tura wani ya bi. Ma'aikatan da ya kamata su zauna da shaidun da ke bakin titi a daren sai suka nutse cikin takarda.

Bugu da ƙari, gwamnati ta sa lada ga duk wanda ya kawo bayanin da zai warware al'amarin, a 1987 kuma ta ɗaga ladan zuwa kurona miliyan 50. Kuɗi irin wannan yakan sa mutum ya tuna abin da bai gani ba.

Idan mai karatu ya tambaya mene ne a cikin waɗannan rahotanni, sai mu ce halayen 'yan Adam ne baki ɗaya. Akwai mai gaskiya da ya ga wani abu ya ji nauyin ya faɗa. Akwai mai ƙullin zuciya da ya sami damar ramuwa. Akwai mai taɓin hankali, da mai neman suna, da mai mafarki. A kan takarda kuwa duk kamanninsu ɗaya, domin hatimi ɗaya aka buga musu.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗar wannan hali shi ne wani mutum da jaridu suka riƙa kira “mai shekara 33”. An ji yana zagin Palme, aka kai rahotonsa, aka tsare shi a watan Maris 1986, sa'an nan aka sake shi don babu hujja. Sakin bai wanke shi a idon jama'a ba. Ya bar ƙasar ya koma Amurka, can aka kashe shi a 1993 a kan wata rigima da ba ta shafi Palme ba.

Hanyoyin Da Aka Bi

Holmér ya kafe a kan cewa ƙungiyar Kurdawa ta PKK ce ta yi kisan. Ranar 20 ga Janairu 1987 ya sa aka kai samame aka kama Kurdawa kimanin 20, amma masu gabatar da ƙara suka ga babu abin kamawa, aka sake su. Ba a daɗe ba aka karɓe binciken daga hannunsa. Shekara guda cur ta tafi ke nan, an bar jaki ana dukan taiki. A 1988 kuma asiri ya tonu cewa wani mai buga littattafai, Ebbe Carlsson, yana nasa binciken a ɓoye da goyon bayan manya, abin da ya sa Ministar Shari'a Anna-Greta Leijon ta yi murabus.

A watan Disamba 1988 aka kama Christer Pettersson, wani mashayi da ya taɓa kisan kai a 1970. Lisbet Palme ta nuna shi a cikin jerin mutanen da aka nuna mata, kotu ta same shi da laifi a watan Yuli 1989. Amma kafin shekarar ta ƙare kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Dalili kuwa, ba bindiga, ba a nuna abin da zai sa ya yi kisan ba, kuma kafin a nuna wa Lisbet jerin an riga an gaya mata cewa wanda ake zargi mashayi ne. Kotun ƙoli ta ƙi sake buɗe shari'ar a 1998, Pettersson ya mutu a 2004.

A 1996 wata hanya ta sake ɓullowa daga Afirka ta Kudu, inda tsohon kwamandan 'yan sandan wariya Eugene de Kock ya shaida wa kotu cewa jami'an leƙen asirin tsohuwar gwamnatin suna da hannu. Masu bincike sun je can, amma ba su dawo da hujjar da za a kai kotu ba. Kwamitin da gwamnatin Suwidin ta naɗa ya ba da rahoto a 1999 yana sukar yadda aka tafiyar da aikin tun farko. A 2010 majalisa ta soke wa'adin shekara 25 da doka ta ɗiba wa shari'ar kisan kai, don kada al'amarin ya mutu a 2011.

Sunan Da Ke Cikin Fayil Tun Ranar Farko

Ranar 10 ga Yuni 2020 mai gabatar da ƙara Krister Petersson ya sanar da rufe binciken, ya kuma ambaci wanda yake zargi: Stig Engström, mai zane a kamfanin inshora na Skandia, wanda ofishinsa ke dab da inda aka yi harbin. Abin mamaki, wannan suna ba sabo ba ne. Engström ya bar ofis mintuna kaɗan kafin harbin, kuma shi da kansa ya buga wa 'yan sanda waya washegari yana cewa shaida ne. Ya yi magana da jaridu, ya fito a talabijin, har ya ba da shaida a shari'ar Pettersson. Ya ce yana cikin waɗanda suka fara kai wa Palme ɗauki, amma sauran shaidu ba su tabbatar da haka ba, labarinsa kuma yana canzawa. 'Yan sandan farko sun ɗauke shi mai neman suna, suka ajiye fayil ɗinsa. Ya mutu a shekarar 2000.

Marubuta ne suka tono shi, musamman Lars Larsson a littafinsa na 2016 da ɗan jarida Thomas Pettersson a 2018. Ba su zo da sabuwar shaida daga sama ba, tsofaffin takardun nan suka sake karantawa a tsanake. To amma sanarwar 2020 ba ta zo da bindiga ko wata hujja ta zahiri ba, kuma mamaci ba ya kare kansa. A watan Disamba 2025 wani babban mai gabatar da ƙara ya sake duba al'amarin, ya ce hujjojin ba su kai a ɗora laifin a kan Engström ba, ko da yake bai sake buɗe binciken ba.

Tun 1766 Suwidin ke da dokar da ta ba talaka ikon ganin takardun hukuma. Saboda haka da aka rufe binciken sai jama'a suka shiga neman kwafin takardun, ana ba su bayan an shafe abin da doka ta hana a bayyana. Wannan alheri ne ga masu tarihi, amma yana tafe da haɗari, domin a cikin takardun akwai dubban mutanen da laifinsu kawai shi ne wani ya ambaci sunansu.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, taskar nan ta fi ba da labarin mutanen Suwidin a kan labarin maharbin. Tana nuna wa suke tsoro, wa suke ƙi, da irin fuskar da suke zaton mugu yana da ita. Abin da aka yi sakaci da shi a sa'o'in farko kuwa, takardun shekara 34 ba su maido da shi ba. 'Yan sandan ƙasar sun nuna sun ɗauki darasi, domin da aka daɓa wa Ministar Harkokin Waje Anna Lindh wuƙa a watan Satumba 2003, sun adana abin da maharin ya yar, suka kama shi cikin mako biyu, gwajin ƙwayar halitta kuma ya tabbatar da shi.

Mu da ke riƙe da alƙalami, namu darasin ya fi nauyi. Takardar 'yan sanda tana tabbatar da cewa wani ya faɗi magana a rana kaza, ba ta tabbatar da cewa maganar gaskiya ce. Kafin mu ɗauko suna daga fayil mu sa a littafi, wajibi ne mu tambayi wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me ya gani da idonsa, me kuma ya karanta a jarida kafin ya faɗa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a kan wanda ke kabari, ya bar dangi suna amsa sunansa.

Palme yana kwance a makabartar cocin Adolf Fredrik, tafiyar 'yan mintuna daga inda ya faɗi, kuma an sa wa wani ɓangare na titin Tunnelgatan sunansa. Takardun suna nan a ajiye, mai son karantawa yana iya nema. Allah Ya sa mu zama masu adalci ga rayayyu da matattu a cikin abin da muke rubutawa, amin.