Tafiyar Labari a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya zauna Tasawa ko Mayahi a wannan zamani ya san wata 'yar jarraba wadda kakanninmu ba su sani ba, wato mutum ya sayi forfe da kuɗinsa, jiya saƙo yana shiga nan take, yau kuwa hoto guda ya tsaya yana juyi har a kira salla a idar, mai gida yana ɗaga waya sama yana cewa rezo ya yi nauyi. Galibin jama'a na'urar suke tuhuma, ko su zargi kamfani da ha'inci. Amma wanda ya yi nazarin tarihin wannan ƙasa zai tarar jinkirin saƙo tsohon al'amari ne, kuma sababinsa tun dā guda ne, shi ne Tasawa zango ce a tsakiyar doguwar hanya wadda farkonta da ƙarshenta suke hannun waɗansu.

A zamanin fatauci, lokacin da ayarin Abzinawa yake gangarowa da gishirin Bilma ya ratsa Damargu ya sauka Tasawa kafin ya doshi Katsina da Kano, labari ba shi da ƙafa sai ta raƙumi da doki. Malami ya rubuta wasiƙa da Larabci ko ajami, a buga hatimi, a danƙa wa manzon sarki ko a ba madugu amana, sa'an nan mai ita ya yi tawakkali, domin saurinta yana rataye ga ruwan rijiyoyi da amincin daji, alhali bayan jihadi, da Katsinawan da suka ƙi mubaya'a suka kafa Maraɗi, yaƙi bai cika barin hanyar kudu ta huta ba. Bature Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, kuma takardunsa sukan yi watanni suna ratsa hamada ta Murzuk da Tarabulus kafin su kai Ingila. Har ta kai a 1854 aka yi ta'aziyyarsa a Turai yana nan da ransa, saboda jita-jita ta riga wasiƙa isa.

Amma babu waƙi'ar da ta bayyana wannan mas'ala kamar ta 1899, kuma a ƙasarmu ta ƙare. Rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin biyu, Bule da Shanuwan, ta taso daga yamma ta nufi Tafkin Cadi tana ƙone garuruwa tana zubar da jinin bayin Allah ba bisa haƙƙi ba. Wani hafsa da aka kora daga cikinta, mai suna Feto, ya rubuta wa wadda zai aura abin da idonsa ya gani, takardar ta yi ta tafiya har ta faɗa hannun mahukunta a Faris, a watan Afrilu suka yanke hukuncin a tsai da rundunar. Umurnin ya biyo wayar tangaraho ya iso Afirka ba da jimawa ba. Daga inda waya ta ƙare kuwa sai ya koma tafiyar ƙafa, aka ɗora wa Kanar Kulob shi, ya bi sawunsu kusan wata uku yana ratsa kufai da gawarwaki. A cikin wannan tazara aka yi wa Birnin Ƙonni ɓarnar da har yau ake ba da labarinta. Da Kulob ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli, Bule ya sa aka harbe shi. Kafin kwana uku su cika sojojinsu baƙaƙe sun yi musu bore sun kashe Bule da Shanuwan duka biyu, ga kaburburansu nan a Maijirgi. Abin lura ga mai hankali shi ne hanzarin tangaraho bai tsirar da ko rai guda ba, tun da yake saurin saƙo ba ya wuce saurin mafi raunin gaɓa a hanyarsa.

Faransawa sun fahimci haka sarai. Shi ya sa suka matsa wa Ingila har aka gyara iyaka a 1904 da 1906, don su sami hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka jera sandunan waya a gefenta, talakawa ne kuma suka yi ɗawainiyar, da yake aikin tilas bai kau ba sai 1946. Waya ta kumandan ce, ba ta manomi ba. Da aka mai da mazaunin mulki daga Tasawa zuwa Maraɗi a 1927, kusancin labari ya bi shi. Mayahi kuwa, da take can cikin Gulbin Kaba, ba bisa babbar hanya ba, kullum sai abu ya kwana a wani wuri kafin ya iso ta.

Zamanin rediyo ba ya bukatar dogon bayani: sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Nijar a 1958, aka riƙa taruwa a ƙofar mai akwati ana saurare. Ita dai rediyo faɗa take yi, ba ta karɓar amsa, don haka 'yan ci-rani suka ƙirƙiro tasu dabara, su ɗauki murya a kaset su ba direba ya kai gida. Salula ta shigo Nijar a farkon wannan ƙarni, kamfanoni suka yi ta sauya suna da masu mallaka, Celtel ta zama Zain ta zama Airtel, Orange ta zama Zamani, Sonitel da Sahelcom suka haɗe a 2016 suka zama Niger Telecom.

To, idan saurin intanet ya faɗi farat ɗaya a gidan mutum, hanyar bincike ita ce ta malaman hadisi, waɗanda idan sun yi shakkar ingancin ruwaya sukan bi isnadi mutum bayan mutum har su gano inda illa take. Mai ruwaya na farko yana cikin ɗaki. Yawancin gidajen nan ba waya ce ta shigo musu ta ƙasa ba, kati ne a cikin salula ko cikin ɗan akwatin da ke raba rezo, saboda haka sai a fara duba ko megan sun ƙare, ko zafin bazara ya gallabi akwatin, ko an ajiye shi a ƙuryar ɗaki ƙarƙashin kwano, ko kuwa yaran unguwa sun haddace lambar sirri suna kallon bidiyo a gindin katanga (wannan, a ganina, ya fi kowane sababi yawa, ko da yake shi ne ake jin nauyin faɗa). Idan gida ya kuɓuta, sai a tambayi maƙwabci mai katin wani kamfani: in nasa yana gudu, illa tana ga eriyar naka kamfanin, wadda jama'a suke rabon ƙarfinta, shi ya sa takan gaza bayan lisha da ranar kasuwa, ta warware da asuba.

In gari duka ya yi tsit, sai a tuna eriya da kuran take rayuwa. Wutar da jihar Maraɗi take sha mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, nan kusa da mu; da Najeriya ta yanke ta a farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, eriyoyi suka koma dogaro ga gurup da gazuwal da hasken rana, mai salula kuma yana neman inda zai yi caji tun kafin ya nemi rezo. Bayan kuran akwai zaren gilashin da aka binne a gefen gudron daga Yamai zuwa Damagaram, wanda mai haƙa rami guda ya isa ya katse shi. Bayansa kuma akwai teku, alhali Nijar ba ta da gaɓa, sai ta ratsa ƙasashen maƙwabta ta kama wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris na 2024 huɗu daga cikinsu suka tsinke daura da gaɓar Abijan, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu har da tamu, kuma gyaran ya jira jiragen ruwa na musamman makonni.

Akwai gaɓa ta ƙarshe wadda babu mai gyaran da yake da iko a kanta, wato hukuma. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da tarzomar da ta biyo baya a Yamai, an rufe intanet na salula a faɗin Nijar kimanin kwana 10, alhali kuran yana nan, eriya tana tsaye, zare lafiya lau, mutanen Tasawa da Mayahi suna ta cire kati suna mayarwa.