Tarihin Google da Masu Neman Gajeriyar Hanya

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sun buɗe shafukan intanet, kuma ba a rasa masu zuwa suna cewa a ba su kuɗi su ɗora shafin a saman Google cikin mako guda. Kafin mutum ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya ji yadda irin wannan ta ƙare a baya.

A tsakiyar shekarun 1990, manhajojin bincike irin su AltaVista sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi. Sai masu wayo suka riƙa maimaita kalma ɗaya ba adadi, wasu ma da farin rubutu a kan farin shafi: ido ba ya gani, amma na'ura tana ƙirgawa.

A 1998 Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban jami'ar Stanford a Amurka, suka kafa Google. Tsarinsu mai suna PageRank yana auna shafi ne da yawan shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi, da kuma darajar su kansu masu nunin. Kamar dai baƙo a kasuwa, ana duba waɗanda suka tsaya masa. Nan ma aka samu masu sayen shaida, suna biyan kuɗi a sa musu linki.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A Fabrairun 2006 Google ya cire shafin BMW na Jamus na 'yan kwanaki, saboda abin da ake nuna wa na'ura daban da wanda mutane ke gani. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban linkin bogi da ke nuni zuwa kantin JC Penney na Amurka, Google ya yi ƙasa da shi na kusan wata uku.

A cikin watan ne kuma aka fito da gyaran da ake kira Panda, wanda ya taɓa kusan kashi 12 cikin 100 na bincike a Amurka, ya durƙusar da shafukan da ke tara rubutu marar amfani. Penguin ya biyo baya a Afrilun 2012 don masu sayen linki. A 2015 aka fara fifita shafukan da ke karantuwa da kyau a waya, a 2022 kuma aka ƙara matsa wa rubutun da aka yi don na'ura kawai.

Kowace dabara ta ci kasuwarta na ɗan lokaci, sannan ta ja wa mai ita asara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Don haka mai sayar da albasa ko shanu ya rubuta abin da mai saye ke tambaya: irin kayan, farashi, inda rumfa take, lokacin buɗewa, da hoton kayansa na gaskiya. Ya rubuta da bakinsa, kada ya kwafo na wani. Wanda kuma ya yi maka alkawarin lamba ɗaya, ka tambaye shi ta wace hanya, domin Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbaci.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.