Ganuwa da Ƙofar Firinta: Taƙaitaccen Tarihin Katangar Tsaron Kwamfuta

A Mora, kamar a Marwa da Garwa, akan sami gida ko shagon buga takardu mai kwamfuta biyu ko uku, firinta kuwa ɗaya tak. Idan kwamfuta ta biyu ta kasa ganin firintar, shawarar da aka fi saurin bayarwa ita ce a kashe katangar tsaro, wato manhajar da ke tace abin da ke shiga kwamfuta. Nan take takarda za ta fito. Sai dai tarihin wannan katanga ya nuna abin da ake asara idan aka yi haka.

Tsarin da kwamfutocin Windows ke raba fayil da firinta da shi, mai suna SMB, an ƙirƙiro shi a kamfanin IBM a shekarar 1983, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe duk na ofis ɗaya ne, kowa ya san kowa. An gina shi bisa amana. Amanar ta fara rushewa ranar 2 ga Nuwamba 1988, sa'ad da Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, ta durƙusar da dubban kwamfutoci. A wannan zamanin ne katangun farko suka bayyana. Aikinsu kamar na Sarkin Ƙofa ne a ganuwar Kano: kowace hidima a kwamfuta tana da ƙofarta mai lamba, katanga kuma tana duba daga ina baƙo ya fito da ƙofar da yake nema, sannan ta bar shi ko ta mayar da shi.

Kwamfutocin gida sun daɗe ba su da mai gadi. Windows XP ta fito a 2001 da katanga a cikinta, amma a kashe take sai wanda ya kunna. Aka ji jiki a 2003 da cutar Blaster, aka sake ji a 2004 da Sasser, wadda ta bi ta ƙofa mai lamba 445, ƙofar da rabon fayil da firinta ke amfani da ita. A watan Agusta 2004 kamfanin Microsoft ya fitar da babban gyara wanda ya kunna katangar tun daga farko. Daga nan matsalar firinta ta samo asali, domin katangar da ta tare ɓarawo ta tare ɗan gida ma.

Maganin da aka tanada shi ne keɓantaccen izini: a buɗe ƙofofin rabo, musamman 139 da 445, ga kwamfutocin da ke cikin haɗin gida kaɗai. Daga Windows Vista kuma aka raba haɗi zuwa na gida da na jama'a. Saboda haka wanda firintarsa ta ɓace ya fara duba ko kwamfutarsa ta ɗauki haɗin gidansa a matsayin na jama'a, ya mayar da shi na gida, ya kunna rabon fayil da firinta a nan kawai, katangar kuwa ya bar ta a tsaye.

Ranar 12 ga Mayu 2017 cutar WannaCry ta sake bi ta ƙofa ta 445, ta kulle bayanai a ƙasashe fiye da 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Rigakafi ya fi magani. Mai shago a Mora da ke riƙe da takardun ɗalibai da na 'yan kasuwa a kwamfutarsa, amanar mutane ce a hannunsa, kuma ba a rushe ganuwa don a shigar da baƙo ɗaya.