Rashin tsirowar iri a furanni masu yaɗo

Rashin tsirowar iri matsala ce da masu lambu ke yawan fuskanta wajen shuka furanni masu yaɗo, wato waɗanda ke naɗe sanda ko shinge suna hawa. Sau da yawa irin da bai fito ba yana da rai, ruwa ne bai shige shi ba, ko kuma yanayin ƙasar bai dace da shi ba. Fitaccen misali shi ne *Ipomoea purpurea*, fure ɗan asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya, wanda yake jinsi ɗaya da dankalin Hausa da duman kada.

Taurin ɓawo

Irin *Ipomoea* da na *Clitoria ternatea*, mai shuɗin fure daga dangin wake, suna da ɓawo mai tauri da ke hana ruwa shiga. Masana tsirrai na kiran wannan yanayi barcin iri. A daji yana da amfani, domin yana hana irin tsirowa gaba ɗaya da ruwan farko, amma a lambu yakan sa a yi makonni ba a ga tsiro ba.

Ana magance shi ta hanyar goga gefen irin kaɗan da magagari ko samfefa, nesa da cibiyarsa, har sai launin ciki ya fara bayyana. Daga nan a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi na awa 12 zuwa 24. Irin da ya kumbura ya sha ruwa ke nan, sai a shuka shi nan take. Idan ya daɗe a ruwa fiye da haka yana iya ruɓewa saboda rashin iska.

Zafi da zurfi

Irin *Ipomoea* ya fi tsirowa idan zafin ƙasa ya kai digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos, kuma yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sanyin dare, irin na hunturu, yana jinkirta shi. Zurfin ramin kada ya wuce kimanin santimita 1, domin irin da aka binne da zurfi yakan ƙarar da abincin da ke cikinsa kafin ya kai ga haske.

Ba duka furannin ne halinsu ɗaya ba. Nau'o'in *Clematis* na ƙasashe masu sanyi suna buƙatar makonni cikin sanyi da danshi kafin su farka, shi kuwa irin *Passiflora* yakan ɗauki makonni ko watanni, musamman idan ya tsufa.

Yawan ruwa

Ƙasa mai riƙe ruwa tana hana iri numfashi, tana kuma ba ƙwayoyin cuta irin su *Pythium* da *Rhizoctonia* damar yaɗuwa. Alamarsu ita ce iri ya ruɓe a ƙasa, ko tsiron ya fito sannan gindinsa ya tsuke ya faɗi. Rigakafinsa shi ne a gauraya ƙasar da yashi, a huda gindin tukunyar, a kuma rage ban ruwa.

Gwajin iri

Kafin a zargi ƙasa, ana iya gwada irin kansa. A naɗe ƙwaya 10 da aka goga a cikin tsumma mai danshi, a ajiye a wuri mai ɗumi har mako biyu. Idan ƙasa da rabi suka tsiro, irin ya yi rauni, gara a nemi sabo.