Yadda tseren taswira ya rabu da sunan "kilasik"

A shekarar 2026 gasar duniya ta tseren taswira take cika shekara 60. An fara ta a 1966 a garin Fiskars na ƙasar Finlan, kuma a wancan karon tsere biyu kacal aka yi: na ɗaiɗaiku, da na karɓa-karɓa tsakanin ƙasashe. Yau nau'in tseren da ake cin zinare a kansu ya kai shida, an kuma raba su gida biyu, na daji da na cikin gari. Sunayen da aka raɗa musu kuwa sai da aka kai ruwa rana a kan wasunsu.

Wasan da Turawa ke kira oriyantarin bai da wuyar bayani. Ana miƙa wa ɗan tsere taswira, yana riƙe da kamfas, sai ya nemo wasu tutoci masu launin fari da ruwan lemo da aka kakkafa a daji, ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da aka zana, ta duk hanyar da ya ga ta fi masa. Daga atisayen sojojin Suwidin da Norwe ya samo asali a ƙarshen ƙarni na 19. A 1897 aka yi gasar farko ta farar hula kusa da Oslo, a 1919 kuma Manjo Ernst Killander ya tara mutum sama da 200 a wata gasa kusa da Stockholm. Hukumar wasan ta duniya, IOF, ƙasashe 10 ne suka kafa ta a Kopenhagen a 1961.

Tsawon shekara 25 na farkon gasar duniya babu wanda ya damu da batun suna, domin tseren ɗaiɗaiku guda ɗaya ne. Namiji ya shafe kusan awa ɗaya da rabi yana keta fadama da duwatsu, wanda ya fi kowa sauri shi ne gwarzon duniya, magana ta ƙare. Sai a 1991, a Mariánské Lázně ta ƙasar Cekosulobakiya, aka shigo da gajeren zango na kimanin minti 25. 'Yan gida ne suka cinye shi, Petr Kozák a maza, Jana Cieslarová a mata. Da yake tsohon tseren ya samu ƙane, dole aka nema masa suna, aka kira shi "kilasik", wato na asali, wanda aka gada. Sunan ya nuna matsayi ƙarara. Duk wanda ya ji shi ya san wane ne babba a gidan.

Wannan suna bai wuce shekara 12 ba. Abin da ya ture shi ya faro ne daga 1996, lokacin da wasu 'yan Sikandinebiya suka ƙirƙiro jerin gasa mai suna Park World Tour, suna kai manyan 'yan tsere lambunan shaƙatawa da titunan birane domin jama'a su gan su da ido. Matsalar wasan tun fil azal ita ce ɗan kallo ba ya ganin komai: ɗan tsere ya shige daji, sai bayan awa ɗaya da rabi ya ɓullo jina-jina da taɓo. A watan Agusta na 2000, babban taron IOF a garin Leibnitz na Ostiriya ya amince da wata yarjejeniya da ta ce a kawo wasan kusa da mutane, a ƙawata filayen gasa, a jawo gidajen talabijin, da burin shiga gasar Olamfik. Shekara guda bayan haka, a Tampere, aka ƙara tseren sifirint a gasar duniya. Jimmy Birklin na Suwidin da Vroni König-Salmi ta Suwizalan ne suka fara cin sa.

Nan aka samu ruɗani. Ga tseren da ake kira "gajere", ga kuma wani sabo da ya fi shi gajarta. A gasar 2003 a Rapperswil-Jona ta Suwizalan aka sake lale: gajeren zango aka ɗan tsawaita shi ya koma "matsakaicin zango", kilasik kuma ya koma "dogon zango". Daga wannan shekarar ce ma aka mayar da gasar ta kowace shekara maimakon bayan shekara biyu-biyu.

Bayani biyu ake bayarwa kan wannan sauyi. Na farko shi ne gyara ne kawai na hankali, tunda dogo da matsakaici da sifirint jeri ne da kowa zai gane, kamar yadda ake yi a wasannin guje-guje. Na biyu shi ne an sauke tsohon tseren daga kujerarsa da gangan, aka mai da shi ɗaya daga cikin uku, domin sababbin su samu daraja daidai da tasa a idon talabijin da masu ɗaukar nauyi. Bayani na biyu ya fi kama hankali. Da ruɗanin ne kaɗai damuwar, sauya sunan gajeren zango ya wadatar, ba sai an taɓa kilasik ba, domin shi ba a taɓa rikita shi da kowa ba. Kuma jerin shekarun, 2000 da 2001 da 2003, yana nuna hannu ɗaya ne ya yi aikin. Wannan ba ya nufin sauyin ɓarna ne. Sifirint ya buɗe ƙofa ga ƙasashen da ba su da dazuzzukan Sikandinebiya, domin harabar jami'a ko tsohuwar unguwa ta ishe shi. Amma har yanzu tsofaffin 'yan wasa da dama a arewacin Turai kilasik suke cewa, kuma ba mantuwa ce ke sa su ba.

Babban raunin sababbin sunayen shi ne suna sa a ɗauka nisa ne ya raba tseren. A dokokin hukumar, lokacin da ake sa ran gwarzo zai ci shi ne ma'auni, tare da irin tunanin da ake son a gwada. Sifirint minti 12 zuwa 15 ne, a kan taswira mai sikelin 1:4,000. Gano tuta a nan ba wuya, wuyar ita ce yanke shawara cikin daƙiƙa guda ana tsaka da gudu: a hau matakala a bi ta lungu, ko a zagaya ta babban titi, ga kuma katangar da taswira ta haramta tsallakewa, wanda ya tsallake an kore shi. Matsakaicin zango minti 30 zuwa 35 ne, taswirarsa 1:10,000, tutoci kusa da juna a wuri mai yawan ramuka da duwatsu. Ɗan tsere yana gudu da babban yatsansa dafe a kan inda yake a taswira, ya ɗauke ido na ɗan lokaci ya ɓata. Dogon zango kuwa, mai taswirar 1:15,000, juriya yake gwadawa da zaɓin hanya, inda tazarar tuta biyu kan kai kilomita biyu ko fiye, a haye tsauni kai tsaye ko a kewaye shi. Maza kan ci shi cikin kusan minti 90. Mata an daɗe ana tsara musu minti 70 zuwa 80, sai a 'yan shekarun nan aka daidaita lokacinsu da na maza.

Wanda ya fi kowa tabbatar da cewa matsakaicin zango sana'a ce mai zaman kanta shi ne Bafaranshe Thierry Gueorgiou. Shi ya ci na farko da aka yi da sabon sunan a 2003, ya ci gaba da ci har sau takwas, na ƙarshe a Estoniya a 2017, abin da ya sa ake masa laƙabi da sarkin matsakaicin zango. Sai a 2011 ya fara cin dogon zango, shekara takwas bayan zinarensa na farko. A ɓangaren mata kuwa Simone Luder ta Suwizalan, wadda daga baya aka fi sani da Simone Niggli, ta kwashe dukan zinare huɗu a 2003 a gaban 'yan ƙasarta, ta maimaita a Japan a 2005.

Abin da ya biyo baya ƙari ne a kan wannan tubali. A 2014 a Italiya aka shigo da karɓa-karɓar sifirint ta mata biyu da maza biyu. A 2019 aka raba gasar: ta daji aka yi a Norwe, ta cikin gari ta farko kuma annobar korona ta ɗage ta daga 2020 zuwa 2022 a Denmak, inda aka fara sifirint na sili-ɗaya-ƙwale, wanda ake sakin 'yan tsere tare, waɗanda suka riga isa su wuce zagaye na gaba. Manyan gasannin gargajiya irin su Tiomila ta Suwidin, tun 1945, da Jukola ta Finlan, tun 1949, masu gudun dare, suna nan da sunayensu ba su shiga wannan rabo ba.

Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da IOF tun 1977, amma burin da aka sa a gaba a Leibnitz bai cika ba. Har yau ba a taɓa yin tseren taswira a jerin wasannin da ake cin lambobi a gasar Olamfik ba.